Yadda 'Yar Lele Ta Kai Inna Gida

Tun da muka dawo ban huta ba. A ɗakin malamai tambaya, a teburin mai shayi tambaya, har a ƙofar masallaci sai wani ya riƙo hannun rigata ya ce, "Malam Isiyaku, tsakani da Allah, motar nan da ƙafarta ta je Faransa, ko a bayan gingimari aka ɗora ta?" Na gaji da maimaitawa. Ga shi kuma na ji Baba Audu ya fara ba da nasa labarin a tasha, wanda a cikinsa shi ya yi komai, ni kuwa fasinja ne. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda aka yi, kowa ya karanta ya bar ni in sha shayina da zafinsa.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamin firamare ne a nan Keffi, gidanmu yana Angwan Iya, kuma ƙafata ta hagu ta shanye tun ina shekara uku. Da sanda nake tafiya. Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, abokan aikina suka ruga sayen babur da rediyo mai kaset, ni kuwa na zauna ina kallo, domin babur ƙafa biyu yake so. Ana nan sai Emeka makaniki ya same ni a makaranta, ya ce wata Baturiya malamar asibiti za ta koma ƙasarsu, tana sayar da 'yar motarta.

"Tisha, wannan mota naka ne," in ji shi. "Ba shi da kuloci. Otomatik. Shi yana canja giya da kansa. Ƙafa ɗaya kawai yana so."

Haka na mallaki mota. 'Yar ƙarama ce, shuɗiya, in ka buɗe gabanta sai ka rantse injin markaɗe aka sa mata. Direbobin tasha suka raɗa mata suna 'Yar Lele, wai ba ta son kaya, ba ta son tudu, ba ta son a yi mata tsawa. Amma a cikin gari ban ga kamarta ba. Ranar kasuwa, masu manyan motoci na fama da giya a tsakanin awaki da masu amalanke, mota na mace musu, ni kuwa in ɗaga ƙafa daga birki ta tafi, in mayar ta tsaya. Mai ma lasa take yi, ba sha ba.

Abin da ya jawo tafiyar saƙo ne. Inna, mahaifiyata, asalinta 'yar wani ƙauye ce a gaba da Maraɗi, ƙasar da tsofaffinmu har yanzu suke ce wa Faransa. Marigayi babanmu ya auro ta a wajen fatauci ya kawo ta Keffi, kuma tun da ta haife ni ba ta sake komawa ba. Ranar da aka aiko mahaifiyarta ta rasu, ina kwance da ciwon da ya cinye mini ƙafa, ba ta da wanda za ta bar wa ni. Bayan nan ita ce ƙafata. A bayanta na je makaranta har na gama aji biyu, mata suna yi mata dariya wai tana goya saurayi. To, sai ga wani mai fataucin albasa ya zo da saƙon yayanta, Kawu Issufu, wanda shi kaɗai ya rage mata. Idanunsa sun tafi, jiki ya ƙi, ya ce in Hajo, wato Inna, tana son ta ji muryarsa ta zo kafin ruwa ya sauka.

Inna ba ta iya zama a babbar mota saboda ciwon baya. Ta karɓi saƙon, ta koma tana tsince shinkafa. Abin ya tsaya mini a rai. Na ce, "Inna, hutu ya zo, ni zan kai ki."

Kafin la'asar labari ya kai tasha, kafin magariba Baba Audu ya iso. Ƙanin mahaifina ne, ya shekara ashirin yana jan gingimari tsakanin Keffi da Jos da Kano kafin ya ajiye, mutum ne mai jiki da murya. Tsakaninsa da Inna kuwa akwai wasan nan na ƙanin miji, ba sa haɗuwa su rabu lafiya.

"Matar Yaya, kin gaji da duniya ne? A wannan gwangwanin za ki tsallake ƙasa?"

"To kawo taka motar mu shiga," in ji Inna.

Ba shi da ita. Sai ya ce lalle da shi za a tafi, domin kada a ce an bar matar yayansa a hannun mai alli.

Emeka ya duba mota ya canja mai, ya ce kada mu bi ta Panda ko da yake ta fi kusa, cikin motar ƙasa-ƙasa yake, mu bi kwalta ta Jos. Ya ce kada mu cika kaya, in na ga tudu in ja giya ƙasa in bi shi a hankali. Sannan ya riƙe hannuna ya kalli Baba Audu ya ce, "Baba, ka ji da kyau. In batir ya mutu, kada kowa ya tura. Wannan mota turawa ba ya tashe shi." Baba Audu ya yi dariya har da tari. Ya ce tun kafin a haifi Emeka yake tayar da mota da turi.

Maganar kaya kuwa a banza aka yi ta. Mace ba ta komawa gida bayan shekara talatin hannu wofi. Doya ta cika but, ga garin rogo, ga garwar manja, ga goro. Inna ta zauna a baya, ta naɗe wani tsohon majanyi na saƙi da ba ta rabuwa da shi, ta tokare ƙugunta. Muka yi addu'a muka kama hanya da sassafe.

Tun daga fitar gari na ji ana buga ƙasan mota. Na duba, ashe ƙafar Baba Audu ce ta hagu. Duk lokacin da motar ta canja giya sai ya taka kulocin da babu, hannunsa kuma ya damƙi iska. Da muka kai Garaku ya kasa daurewa, ya ce in ba shi ya nuna mini yadda ake tuƙi. Babba ne, na ba shi. Ya tashi lafiya, ya ba ta wuta, da ya ji injin ya ɗauki kuka sai ƙafar hagun nan ta shekara ashirin ta tashi neman kuloci, ta samu birki, ta danna shi har ƙasa. Na sumbaci gilashi. Goro ya watsu, doya ta yi tsawa a but, ɗankwalin Inna ya dawo kujerar gaba.

Inna ta gyara zama ta ce, "Audu, ashe haka kuka riƙa kai mutane Kano?"

Ya fita ya zagayo ya zauna a wurinsa. Ya ce motar da ba ta san direba ba, ba mota ba ce. Daga nan har muka dawo bai sake neman sitiyari ba, ko da yake bakinsa bai daina tuƙi ba.

Bayan Akwanga muka fara hawa, kuma a Hawan Kibo 'Yar Lele ta nuna halinta. Na ja giya ƙasa yadda Emeka ya ce, ta riƙa rarrafe tana nishi, wata mata mai ɗauke da itace ta jero da mu har muka gaisa muka tambayi juna mutanen gida. Can allurar zafi ta tashi, tururi ya fito. Muka tsaya muka sa dutse a taya, muka jira ta huce, muka ba ta ruwa. Baba Audu ya zagaya ta ya yanke hukunci: nauyi ya yi mata yawa, sai an sauke doya.

"Doyata ba inda za ta," in ji Inna. "Ai kai ka fi ta nauyi, kuma kai kana da ƙafa."

Haka aka yi. Na haye da Inna da doya, Baba Audu ya biyo mu a ƙasa, hula a hannu, direbobin gingimari da suka san shi suna wucewa suna danna masa oda. Da ya iso ya shiga, muka miƙe Jos.

A Jos muka kwana a gidan wani tsohon abokin aikin Baba Audu kusa da tasha. Aka kawo mana gwaten acca mai ganye, Inna ta ci ta yaba, amma ta ce garin da ake neman bargo a tsakiyar bazara akwai abin da mutanensa suka yi wa Allah. Kashegari muka bi ta Saminaka zuwa Zariya, muka miƙe Funtuwa. A shimfiɗaɗɗiyar hanya motar ba ta da laifi, sai dai ba ta tsere da kowa. In babbar mota ta wuce mu sai iskarta ta girgiza mu, in na so wuce wani kuwa sai na yi shawara da ita tun daga nesa, na taka totur ta yi tunani tukuna kafin ta amsa. A kowane gidan mai sai an taru ana leƙen ƙafafuna. Muka kwana na biyu a Katsina, a gidan wani abokina da muka yi makarantar horon malamai tare, matarsa ta dama mana furar da ta sa Baba Audu ya yafe wa kowa.

Rana ta uku da hantsi muka wuce shingen ƙasarmu ba wata wahala, in ban da wani jami'i da ya durƙusa yana neman inda na ɓoye kuloci. A shingen Faransa ne muka ga sabon abu. Can kowane mai wando Mushe ne, wato Malam da Faransanci, har ni. Burodinsu dogo ne siriri mai tauri, Baba Audu ya ce in sandata ta karye mun samu madadi. Kuma da rana ta take, sai ma'aikata suka rufe taga, aka ce an tafi hutun rana, sai wajen la'asar. Takardun motarmu suna ciki. Mu a nan ma'aikaci ɓoyewa yake yi in zai yi barcin rana, su kuwa doka ce ta ba su.

Na raka Inna ƙarƙashin wata bishiya wajen masu fura. A nan na ji abin da ban taɓa ji ba. Tana buɗe baki ta gaida matan sai harshenta ya juye, Hausar Keffi ta faɗi, ta koma "mi kuka ce" da "na tahi" da "ɗiyana". Shekara talatin tana ajiye da wannan murya a cikinta ban sani ba. Ta ambaci sunan ƙauyensu, sai wata dattijuwa ta ajiye ludayi.

"Issufu makaho? Ke ce Hajo tasa? Ki yi hanzari, baiwar Allah. Shekaranjiya ɗiyata ta zo daga can, ta ce ya bar cin abinci, an tara iyali."

Inna ba ta ƙara shan furar ba. Muka zauna muna kallon rufaffiyar taga, kuma ban taɓa jin tsawon rana kamar wannan ba.

Ana buɗewa aka buga mana hatimi. Muka ruga mota, muka tarar da Baba Audu ya kwantar da kujera yana minshari, makulli a murɗe, fanka da rediyo a kunne tun azahar, sun yi ta yi har sun gaji sun yi shiru. Na murɗa makulli. Ƙyas. Na sake. Ko ƙyas ɗin ma babu.

Baba Audu ya yi miƙa, ko a jikinsa. A duk rayuwarsa bai taɓa jin tsoron mutuwar batir ba, domin a saninsa muddin akwai gangara akwai jama'a, mota ba ta kwana a hanya. Ya fita ya ɗaga murya, "Jama'a, a taimaka da turi!"

"Baba, Emeka ya ce ba a tura ta."

"Emeka yaro ne."

Kafin in rufe baki mutane sun taru. Mutanen ƙasar nan akwai kirki, kuma kirkin nasu ba ya jin a'a. Masu ɗaukar kaya, masu awaki, mai burodi, har wani jandarma, ɗan sandan ƙasar, ya cire hularsa ya ba wani ya riƙe masa. Na leƙo ta taga ina bayani, wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce, "Mushe, kwantar da hankalinka, mota duk mota ce." Suka sa kafaɗa. 'Yar Lele ba nauyi, ta tafi kamar amalanke. Baba Audu yana gudu a gefe yana ihu, "Sa ta a lamba biyu! Yanzu! Saki kuloci! Saki kuloci, Isiyaku!"

"Baba, wane kulocin?"

Aka dawo da ita baya aka sake. Aka sake na uku. Jandarman ya ce ba a yi gudu sosai ba ne, aka ƙaro mutane. A karo na huɗu suka sako mu gangara muka tafi shiru har gindin wata kasuwa, muka tsaya a tsakanin masu tabarmi. Masu turi suka iso suna haki, suna kallon motar da tausayi, wani ya ce ko an yi mata baki ne.

A nan na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga wa ƙanin mahaifina murya a gaban mutane. Na ce an gaya masa bai ji ba, na ce in Kawu ya cika ba mu isa ba, shi ne. Ina cikin faɗa sai na ga idonsa ya bar kaina ya koma hanya. Na juya. Inna ce ta fita, ta ɗora ƙullinta a ka, ta ɗaure ƙugu da majanyin nan, ta miƙi hanyar arewa a ƙasa, tana tafiya a karkace saboda bayanta. Na ɗauki sandata zan bi ta, na san kuwa ko ita ba zan iya cimma ba. Ban taɓa jin haushin ƙafata kamar ranar ba.

Baba Audu ya tsaya, ya karkata kai kamar mai sauraro. A tsakiyar kasuwa wani mai tallan magani yana ta zuba a lasifika, maganin basir, maganin shawara, maganin ciwon da likita ya gaza. Baba Audu ya kutsa cikin mutane. Can sai lasifikar ta yi ɗif a tsakiyar basir, sai ga shi ya fito rungume da batirin mota, mai magani yana biye da shi yana tambayar ko lafiya. Ashe da batirin mota ake kunna ta.

Abin da ya yi daga nan, ko Emeka sai ya sara masa. Ya buɗe gaban mota, ya sa mutum biyu suka riƙe batirin aro dab da nawa, ya ɗauko sifana biyu ya haɗa kai da kai, wuta tana tartsatsi a yatsunsa. Ya ce, a hankali wannan karon, "Murɗa, ɗana." Na murɗa. 'Yar Lele ta yi tari ta tashi. Kasuwa ta ɗauki sowa. Mai magani ya yi maza ya yayyafa wa gilashi wani ruwa daga kwalba, kuma kafin mu bar wurin mun ji shi a lasifika yana shaida wa jama'a cewa maganinsa har matacciyar mota yake tayarwa.

Muka cimma Inna ta yi nisa fiye da yadda na zata. Baba Audu ya fita da kansa ya buɗe mata ƙofa, ya karɓi ƙullin. Ya ce, "Matar Yaya, ki yafe mini." Ta shiga ta zauna ta ce, "Kashe rediyon nan." A kashe yake, amma ya sake murɗawa.

Bayan Maraɗi kwalta ta ƙare, rairayi ya fara. Baba Audu ya rage wa tayoyi iska, ya riƙa nuna mini inda zan ɗora ƙafar mota, kada in tsaya, kada in yi gaggawa. A nan rashin nauyinta ya yi mata rana, ta bi ta kan yashi tana lilo. Inna ta riƙa kiran sunayen itatuwa da rijiyoyi, wasu suna nan, wasu babu. Rana ta yi ja muka shiga ƙauyen.

Mun same shi da rai. Yana kwance a tabarma a ƙarƙashin rumfa, ya rame ƙwarai, iyali kewaye da shi. Inna ta durƙusa ta ce, "Yaya." Ya ɗaga kai ya ce, "Hajo, kin yi ƙiba ko muryarki ce ta tsuhwa?" Ta fashe da kuka da dariya a haɗe, ni ma na juya ina gyara sandar da ba abin da ya same ta.

Da aka natsa ya ce, "Wa ya kawo ki?"

"Auta."

"Gurgun nan da ya hana ki zuwa jana'izar Innarmu?"

"Shi," in ji ta. "Na goya shi shekara takwas, yau shi ya goyo ni kwana uku."

Ya ce in matso. Ya laluba ya kama ƙafar tawa ta hagu, ya daɗe riƙe da ita, yana motsa baki. Sannan ya ce a dama masa fura, amma Hajo ce za ta ba shi. Ya sha. Kwana shida suka yi suna hira, suna faɗa a kan wa ya fasa tulun mahaifiyarsu shekara hamsin da suka wuce, ya ci doyar Keffi ya ce ba ta kai gero ba. A rana ta bakwai da hantsi ya cika, hannunsa a cikin nata. Allah ya jiƙansa.

To, masu tambaya, ga amsarku. A cikin gari ba ta da ta biyu. Doguwar tafiya ma za ta kai ka, in ka yarda ka bi ta a yadda take: kada ka ɗora mata kayan gingimari, kada ka yi tsere, ka ba ta ruwa a tudu, kuma in ta mutu ka roƙi jama'a su riƙe kirkinsu, ka nemi batir. Baba Audu yanzu shi ke gaya wa mutane haka a tasha, kamar shi ya gano.

Akwai kuma masu tambayar wane tsohon tsumma ne na ɗaure a kujerar direba, wai yana ɓata wa mota kyau. Ba ni na ɗaure ba. Washegarin dawowarmu na fito zan tafi makaranta na tarar da Inna ta buɗe mota tana ɗaure shi, ta yi masa ƙulli biyu ta baya yadda ake yi wa goyo. Majanyin nan ne na saƙi. Na ce, "Inna, bayanki fa?" Ta ce, "Da shi na kai ka makaranta. Shiga, ka makara."